Gurbi Ɗaya a Takarda

A Arekipa, yammacin da aka raba mana takardun zaɓi,
mu huɗu muka zauna bayan ɗakin ajiye gawa,
dutsen Misti na kallonmu da farar hularsa.
Wilber ya cike tasa tun a kan matakala:
tiyatar zuciya.
Ya ce bai yi shekara bakwai yana koyon ɗinki ba
don ya ƙare a awon jinin tsofaffi.
Nelida ta rubuta fata, ta tuntsire da dariya,
wai ƙuraje ba sa buga waya ƙarfe biyun dare.
Edwin bai tanka ba. Bashin banki ne ke riƙe da bironsa.

Tawa kuwa fara fat.

Malaminmu na tiyata yana da wata kalma
da yake tofarwa kamar ƙayar kifi:
"likitan mura."
Da ita ake yi wa mai faɗuwa jarrabawa ba'a.
Ni ma na dara, ba sau ɗaya ba.

Sai aka tura ni Lampa mako shida,
can sama, inda iska ba ta cika huhu.
Asibiti ɗaki uku, ƙanƙara na dukan kwanon rufi.
Dakta Condori, furfura da takalmi duk laka,
ba ta duba kati kafin ta kira suna.
Ta san wadda mijinta ke kwana a kwalba,
ta san yaron da tarinsa na hayaƙin murhu ne,
ta san tsohon da ke raba ƙwaya ɗaya gida biyu
don ta kai shi ƙarshen wata.
Na ce, wane littafi ne ya koya miki wannan?
Ta ce, "Shekara ashirin da uku, a ƙafa."

Ba zan ɓoye ba, na ƙosa.
Awon ciki, allura, awon ciki,
takardun gwamnati tsibi guda,
ruwan wanka mai yanka kamar reza.
Na riƙa ƙirga kwanaki kamar fursuna.

Da na dawo birni
aka ba ni riƙon ƙafa a ɗakin tiyata.
Ta wani manomi ce, sukari ya cinye ta har gwiwa.
Wilber ya ɗaure jijiya, malam ya gyaɗa kai,
aiki ya yi kyau, babu makusa.
Ni aka bari da ƙafar a hannu,
ta fi nauyin da littafi ya faɗa,
da sauran ɗuminta.
Katinsa ya ce garinsu tafiyar awa tara ce,
shi kuma ya ce shekara huɗu
ba wanda ya cire masa safa ya duba.

Dakta Condori kowa sai ta cire masa safa.
Har haushinta nake ji saboda warin.

Babana ya sayar da alpaka goma sha ɗaya
don in sa farar riga.
Uwata ta gama shaida wa maƙwabta
'yarta a Lima za ta zauna, a bene, cikin turare.
Da wane baki zan ce mata laka nake so?
Kuma ban ma tabbata ina so ba.
Albashin can ba ya ɗinke ɓarakar gida,
sanyin can ba ya jin rarrashi.
Duk ajinmu mun haddace rigakafi ya fi magani,
mun rubuta, mun ci maki,
amma ban taɓa jin an tafa wa ƙafar da ba a yanke ba.

Wilber ya ce, "Ke dai rubuta wani abu."
Nelida ta miƙo bironta, na karɓa.
Na sunkuyar da kai:
ƙafa takwas a kan siminti,
duk cikin safa, duk lafiya lau.

Ofis na rufewa ƙarfe shida.
Saura minti ashirin,
biron ya fara ɗumi a hannuna.